Mudun Zaɓe

Shin wajibi ne mai awo ya yarda a duba mudunsa, alhali da shi yake cin riba? Ƙasar Gana ta fuskanci irin wannan tambaya. A 1992 'yan hamayya suka yi zargin maguɗi a zaɓen shugaban ƙasa, suka ƙaurace wa na majalisa, har jam'iyyar Rawlings ta kwashe kujeru 189 cikin 200. Kafin zaɓen 1996 aka sake rajista, aka kawo akwatunan ƙuri'a da ake ganin cikinsu. Rawlings ya sake ci, 'yan hamayya kuma suka shiga majalisa. A 2000 jam'iyyarsa ta faɗi, ta miƙa mulki lafiya. Wajibi ne mai mulki ya yarda da gyara, gama mai awon yau shi ne mai sayen gobe.