KWANA KAƊAN YA ZAMA SHEKARA ASHIRIN

Karatu: Farawa 32:3-32 da 33:1-11

Bari in fara da tambaya. Akwai wani mutum wanda in ka hango shi a kasuwa sai ka canza hanya? Akwai lambar da in ta bayyana a wayarka sai gabanka ya faɗi, ka ƙi ɗauka? In akwai, saƙon yau naka ne.

Ka san labarin Yakubu. Ya sayi matsayin ɗan fari daga wansa Isuwa da kwanon abinci. Daga baya ya sa tufafin Isuwa, ya rufe hannuwansa da fatar akuya, ya ruɗi mahaifinsu Ishaku wanda idanunsa suka dushe, ya karɓe albarka. Isuwa ya ƙudura zai kashe shi. Sai mahaifiyarsu Rifkatu ta ce ya tafi Haran wurin ɗan'uwanta Laban, ya yi 'yan kwanaki har fushin wansa ya huce. 'Yan kwanakin nan suka zama shekara 20.

A Haran Yakubu ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tara garkuna. Amma mai ruɗi ya gamu da wanda ya fi shi. Ya yi wa Laban bauta shekara 7 saboda Rahila, da gari ya waye sai ya ga Lai'atu aka kawo masa. Sau 10 Laban yana canza masa lada. Ya bar gida, amma abin da ya shuka ya bi shi. Maganar Isuwa kuma tana nan inda ya bar ta. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Mu ma muna da namu Haran. Wani ya ci bashi, ya ce zai tafi bida Kwatano ko Abijan ko Libiya, alhali ba neman abinci ya fitar da shi ba, idon mai bashi yake gudu. Wani ba ya barin gari, amma tun da rigima ta shiga tsakaninsa da matarsa sai ya zauna a wurin mai shayi har tsakar dare, don kada a yi maganar. Wata ta ji ƙullutu a jikinta, ta ƙi zuwa likita don tsoron abin da za a faɗa mata. Wani kuma ya ɓata da dattijon ikkilisiya, sai ya koma wata majami'a, ya ce Ruhu ne ya bishe shi. Har addu'a tana iya zama maɓoya, in muna yin ta don kada mu yi abin da Allah ya riga ya ce mu yi.

Kada ka ji ni ba daidai ba. Akwai gudun da yake hikima. Yusufu ya guje wa matar Fotifar, ya yi daidai. An gudu da Yesu zuwa Masar yana jariri saboda Hirudus. In ranki yana cikin hatsari a gidan da ake dukanki, 'yar'uwata, ki fita, ki nemi taimakon iyaye da shugabannin ikkilisiya da hukuma. Ina magana ne a kan gudun abin da yake hakkinka ne ka gyara.

Ranar da Allah ya ce wa Yakubu ya koma ƙasarsu, bai ce masa Isuwa ya huce ba. Ya yi masa alkawari zai kasance tare da shi, shi ke nan. Yakubu ya aika manzanni, suka dawo da labari cewa Isuwa yana tafe da mutum 400. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Mai bangaskiya yana jin tsoro, amma ba ya juyawa. Ka duba abin da Yakubu ya yi.

Da fari ya yi addu'a ta gaskiya. Ya gaya wa Allah yana tsoron wansa. Ya yarda bai cancanci alherin da aka yi masa ba, shi da ya haye Urdun da sanda kaɗai. Ya kuma tuna wa Allah alkawarinsa.

Bayan addu'a ya ɗauki mataki. Ya ware awaki 220, tumaki 220, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30, ya tura su gaba. Wanda ya saba ƙwace na wansa, yau shi ne yake bayarwa. Tuban da bai taɓa aljihu ba, da sauransa.

A daren nan, a bakin rafin Yabbok, ya rage shi kaɗai, wani ya yi kokawa da shi har asuba. Kafin ya sa masa albarka sai ya tambayi sunansa. Shekaru 20 baya mahaifinsa ya tambaye shi ko shi wane ne, ya ce shi ne Isuwa. Wannan karo ya faɗi sunansa na gaskiya, sai aka ba shi sabon suna, Isra'ila. Ya tashi daga wurin yana ɗingishi. Ƙafar gudu ta tafi. Da safe ya wuce gaban matansa da 'ya'yansa, ya sunkuya har ƙasa sau 7. Isuwa ya sheƙo da gudu, ya rungume shi, suka yi kuka.

Wani ɗan'uwa ya taɓa zuwa wurina bayan sujada. Ya karɓi jaka 150 a hannun surukinsa don ya yi kasuwancin albasa, kayan suka ruɓe. Shekara biyu bai taka gidan ba, ko gaisuwar rasuwa bai je ba, matarsa tana ta kuka. Ya ce in yi masa addu'a Allah ya buɗe hanya. Na ce za mu yi addu'a, amma ran Asabar za mu tafi tare. Muka je. Surukin bai rungume shi ba. Ya yi faɗa sosai, ya ce ba kuɗin ne suka fi yi masa zafi ba, ɓuyan ne. A ƙarshe suka shirya zai riƙa biyan jaka 5 kowane wata. A hanyar dawowa ya ce mini yau zai yi barci.

Don haka ba zan yi maka alkawari cewa naka Isuwa zai tarye ka da murna ba. Manzo Bulus a Romawa 12:18 ya ɗora mana abin da yake ɓangarenmu ne kawai na zaman salama. Ubangiji Yesu kuma a Matiyu 5:23-24 ya koya mana mu ajiye baikonmu, mu je mu shirya da ɗan'uwa tukuna. Shi kansa a Getsamani ya yi addu'a cikin baƙin ciki mai tsanani, sa'an nan ya tashi ya fita ya taryi masu zuwa kama shi. Bai guje wa gicciye ba, domin ni da kai. Wanda ya yi wannan ba zai bar ka ka tafi kai kaɗai ba.

Yau ka ambaci matsalar da sunanta a gaban Allah. Ka gaya wa fastonka ko wani amintaccen mai bi. Ka sa rana cikin makon nan, ka je. In ba ka iya zuwa kai kaɗai, ka nemi mai raka ka.

Addu'a: Ya Uba, na gaji da ɓuya. Ka san abin da nake gudu, ka san tsorona. Ka gafarta mini laifina, ka ba ni ƙarfin hali in je inda ka aike ni, ka kuma shirya zuciyar wanda zan tarar. Cikin sunan Yesu Kiristi na roƙa. Amin.