Gumakan Hindu da darasin tauhidi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A ƙasar Indiya, mabiya addinin Hindu suna yin sura da dutse, ƙarfe ko yumɓu, suna kiran ta murti. In an gama ta, malamansu kan yi mata biki domin, bisa imaninsu, abin bautar ya sauka cikinta. Daga nan sai a riƙa wanke ta, ana tufatar da ita, ana kawo mata furanni, fitila da abinci, kamar babban baƙo.

Da yawa cikin masanansu suna cewa ba dutsen suke bauta wa ba. Surar tsani ce mai kai zuciya ga wanda ido bai gani. Malam Albiruni, wanda ya rubuta littafi kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya ce masu ilminsu sun yarda da Ubangiji ɗaya. Har cikinsu an samu masu ƙin gumaka, kamar ƙungiyar Arya Samaj da aka kafa a 1875.

Wannan hujja ta tsani mun san ta, domin Ƙuraishawa sun kafa irinta, Suratuz Zumar kuwa ta rushe ta: neman kusanci ga Allah ba ya halatta bauta wa waninsa. Duk da haka Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Sai mu binciki kanmu: layar da muka rataya, bokan da muke ziyarta, ashe ba tsani muka ɗauke su ba?

Allah Ya sa mu cika da kalmar shahada, amin.