Giyar Biki da Rumbun Ango

Karatu: Yohanna 2:1-11, Luka 14:28-30

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, lokacin bukukuwan aure ke nan ya zo. Ina so in yi muku magana a kan wani abin da ya ke damun samarinmu na ƙasar Gaya da Ajingi, amma kunya ta kan hana su faɗi a gaban dattawa.

Wata shekara, gab da Kirsimati, wani saurayi mai bi daga wata unguwa kusa da Gafasa ya zo gidana da almuru. Ubansa ya rasu, shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa biyu, an kuwa sa ranar aurensa cikin Janairu. Bayan mun gaisa ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba Fasto, Baffana ya aiko mini, wai in ba za a dafa giya ba, to, ba shi ba bikina." Baffan nan shi ne babba a gidan, shi ya shige gaba wajen neman auren, yana nan kuwa a kan al'adar kakanninmu Maguzawa.

Kada mu yi saurin ganin laifin tsohon. A wurin iyayenmu na dā, da giya a ke sallamar 'yan gayya a gona, da ita a ke karɓar surukai, da ita a ke zaman makoki. In ka gayyaci dattijo biki ba ka ajiye masa ƙwarya a gaba ba, a ganinsa ka gaya wa duniya ke nan shi ba kowa ba ne. Watau girmansa ya ke nema, ko da ya ke giya ya ambata.

Na ce wa yaron mu fara da lissafi, gama Ubangijinmu da kansa, cikin Luka sura 14, ya koya mana mai niyyar gini ya fara zama ya ƙidaya abin hannunsa, don kada ya kafa tushe ya kāsa gamawa, ya zama abin dariya. Dawa da gero da ke rumbunsa buhu 7 ne. Buhu guda tiya 40 ne, gida mai mutum biyar kuwa, har da amarya, ya kan ci kamar tiya guda kowace rana. Giyar da za ta ishi dangin Baffa da baƙinsu za ta ci dawa buhu 2, ban da itace, ban da ladan matan da za su jiƙa ta, ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa. Buhu 2 abincin kwana 80 ne. In an cire shi, rumbu zai ƙare wajen ƙarshen Yuli, daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa, noma bai ƙare ba, gero kuma bai nuna ba. Burkutu kuwa ba a ajiye shi. Abin da ba a shanye ba cikin 'yan kwanaki ya yi tsami sai a zubar. Yaron ya ce ya yi tunanin ya ci bashi ya biya da kaka. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda ya ci bashin hatsi ya mayar da mudu ɗaya a kan mudu ɗaya. Bai amsa ba.

Na san abin da waɗansu za su ce, gama an sha faɗa mini: ai Yesu ma ya mai da ruwa ruwan inabi a bikin Kana. Gaskiya ne, ba kuwa zan ɓoye muku ba, ruwan inabi ne na ainihi, har shugaban bikin ya yaba shi. Tuluna shida ne na dutse, kowanne yana cin kamar garwa biyar zuwa bakwai. Amma ku duba labarin da kyau. Iyalin nan talakawa ne irinmu, abin sha ya ƙare musu a tsakiyar biki, kunya tana gab da rufe su. Maryamu ba ta yi shela ba, a asirce ta gaya wa ɗanta. Shi kuma bai aiki ango wurin mai ba da bashi ba, bai sa an taɓa abincin gidan ba. Daga nasa ikon ya bayar, mafi yawan baƙi ma ba su san an yi rashi ba. Wanda ya ɗauki labarin nan ya ɗora wa maraya nauyin buhu 2, ya karanta shi a juye. Darasin Kana shi ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, aikin da ya rage a wuyanmu ke nan, mu da mu ke kiran kanmu almajiransa.

Ekklesiyoyin da suka fito daga aikin mishan na S.I.M., waɗanda suka haɗu suka zama ECWA a 1954, tun farko ba su yarda mai bi ya dafa giya ko ya sha ko ya sayar ba. Iyayenmu da suka fara ba da gaskiya sun ga abin da ta yi a gidajensu, shi ya sa suka karɓi dokar. Manzo Bulus kuma cikin Romawa 14 ya gargaɗe mu mu bar ko abin da mu ke ganin halal ne, in zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Tun shekarar 2000 Jihar Kano ta shiga bin Shari'ar Musulunci, a 2003 aka kafa Hukumar Hisba, kun kuma sha jin an farfasa kwalaben giya a Kano. Saboda haka ta kwalba sai a ɓoye a ke kawo ta, da tsada, da fargaba. Amma ba tsoron Hisba ne dalilinmu ba. Mai bin da ya jera lemo a gaban fasto, ya ɓoye tulu a bayan danga domin baƙin dare, ya biya kuɗi sau biyu, ya kuma ƙara da munafunci.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan majami'a. Mun hana giya, madalla. To, me muka sa a gurbinta? Kiret-kiret na Maltina, da runfunan haya, da kujeru, da mai sa kiɗa da lasifika, da anko kala biyu. Na ga auren da ba a ɗiga giya ko cokali ba, amma aka sayar da bijimin huɗa domin kada a ce bikin bai kai na gidan wane ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kome ya yi tsada, amma idonmu bai ragu ba. Baffa Bamaguje ya nemi buhu 2. Mu wani lokaci abin da mu ke nema ya fi buhu 5, muna kuwa yi da waƙar yabo a baki. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Ga abin da muka yi a kan maganar yaron nan. Ba mu aika wa Baffa da amsa ta bakin yara ba, gama wannan raini ne. Ni da dattawa biyu muka tafi gidansa tun da sauran mako uku, ango yana biye da mu da goro da zakara. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na ce, "Baba, ɗanka ne, kai ka nema masa matar nan. Ga abin da ke rumbunsa, ga bakunan da za su ci. In ka ce a dafa, to, matar ƙanenka ce za ta kwana da yunwa da damina. Shi kuma ko da rumbu goma gare shi, hanyar da ya ke bi ba ta ba shi iznin dafawa ba. Amma tabarmar gaba taka ce, kai za ka karɓi surukai, kai za ka fara sa albarka." Ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce ya ji.

Ran Lahadi na sanar a majami'a. Kowane gida ya kawo tiya guda ko biyu, wanda ba shi da hatsi ya kawo kuɓewa ko itace. Zumuntar mata suka dama kunun tsamiya da zoɓo a randuna, suka tuƙa tuwo, matasa suka ɗauko bencunan majami'a a ka. Daga rumbun ango rabin buhu kaɗai aka taɓa.

Ba zan ce muku kome ya tafi sumul ba. Ƙannen Baffa biyu sun ƙi zuwa, har yau ɗaya ba ya amsa gaisuwar yaron da kyau. Baffa dai ya zo da babbar rigarsa, ya zauna a tabarmar gaba, ya ci tuwo, ya sa albarka, ya tashi tun la'asar. Cikin Agusta, sa'ad da hatsi ya yanke a gidansa, daga rumbun yaron nan aka auna masa tiya 10, amaryar ce kuwa ta kai masa da kanta.