Shin Jikan Bawa Bawa Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicce mu daga uba ɗaya da uwa ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ba a cika faɗinta a fili ba, sai a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Idan yaro ya fito neman aure a garuruwanmu, ko a Achilafiya ne, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, iyayen yarinya sukan tura a yi bincike, kuma wannan daidai ne. Amma wani lokaci ɗan aike yakan komo ya ce yaro yana salla, yana da sana'a, ba a san shi da mugun hali ba, sai dai fa ba shi da asali, watau kakan kakansa bawa ne. Daga nan sai magana ta mutu, ba a ko gaya wa yaron dalili. To, abin tambaya shi ne, ana gadon ƙasƙanci kamar yadda ake gadon gona?

Bari mu fara da tuna yadda kakan nan ya zama bawa. Ƙasar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa sarautarta wajen shekarar 1819, tana tsakanin Kano da Katsina da Daura, ga kuma Damagaram can arewa. A zamanin yaƙe-yaƙe da hare-hare, mutum yakan wayi gari ɗa a gonarsa, kafin rana ta faɗi yana ɗaure a igiya. Wasu a kai su kasuwa, wasu a zuba su rinji suna noman gandu, 'ya'yan da suka haifa a gidan ubangijinsu kuwa a kira su cucanawa. Da Turawa suka zo, sai suka yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne. Manya kuwa suka yi ta fansar kansu a gaban alƙalai, wasu da kuɗin da suka tara bayan sun biya murgu. A 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewacin Nijeriya. Tun daga wannan shekara babu bawa ko guda a idon doka.

Watakila wani ya ce, ai shari'a ta san bauta. Gaskiya ne, amma ta gindaya mata sharuɗɗa. A shekarar 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya rubuta fatawa mai suna Mi'irajus Su'udi, yana amsa wa wasu mutanen Tuwat, ya bayyana musu cewa baƙar fata ba ta sa mutum ya zama bawa, har ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Har wa yau, cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804 akwai kama Musulmin Gimbana da rundunar Gobir ta yi, waɗanda jama'ar Shehu suka kwance. Ke nan da yawa daga waɗanda aka kama a ƙasar Hausa zaluntarsu aka yi. Idan akwai abin kunya a cikin tarihin nan, yana wuyan wanda ya ɗaura igiya. Yaya za a yi a juye shi a kan jikan wanda aka ɗaure?

Ko da wanda aka mallaka bisa ƙa'ida ne, da zarar an 'yanta shi ya zama ɗa. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu suke karantarwa a zaure, ya tsayar da dacewar miji a kan addini da kuɓuta daga aibobi, ya kuma bayyana cewa 'yantacce ya isa ya auri 'yar babban gida. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya aurar wa Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccensa, Zainabu 'yar Jahshi, wadda 'yar gwaggonsa ce. Salimu, 'yantaccen gidan Abu Huzaifa, shi ne ya riƙa yi wa Muhajirai na farko limanci a Ƙuba domin ya fi su Alƙur'ani. Ranar da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi ya nuna masa cewa da sauran jahiliyya a tare da shi. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati kuwa ta riga ta ɗora fifiko a kan tsoron Allah kaɗai. Mu kanmu mun san haka, domin a ƙasar Hausa an yi sarakuna da yawa 'ya'yan sa-ɗaka, babu wanda ya ce jinin uwa ya hana su gadon sarauta.

Domin mu ga inda wannan ɗabi'a take kai al'umma, bari mu leƙa jihar Alabama da ke kudancin Amurka. An soke bauta a can a 1865, amma shekara casa'in bayan haka, a 1955, aka kama Rosa Parks a birnin Montgomery domin ta ƙi tashi ta ba Bature wurin zama a cikin bas. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa shiga bas fiye da shekara guda. A 1963 aka dasa bam a wata majami'a a Birmingham, 'yan mata huɗu suka rasu. Sai a 1965, bayan 'yan sanda sun lakaɗa wa masu jerin gwano duka a Selma, aka yi dokar da ta tabbatar wa baƙar fata ikon jefa ƙuri'a. Abin da ya fi daɗewa shi ne maganar aure. Kotun ƙoli ta Amurka ta rushe hanin aure tsakanin baƙi da fari a 1967, amma Alabama ba ta goge shi daga tsarin mulkinta ba sai a shekarar 2000, kuma ko a lokacin kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun so a bar shi. Watau ƙofar aure ita ce maɓoyar ƙarshe ta girman kai, a can da nan.

Duk wanda ya ji wannan labari a cikinmu ransa zai ɓaci, ya tsine wa wariyar launin fata. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Lalle mu ba mu raba masallaci ko rijiya ba, alhamdu lillahi, kuma babu wanda aka kashe. Duk da haka tushen ciwon ɗaya ne, watau a hukunta mutum da abin da ba shi ya aikata ba, kuma ba shi da ikon sake shi. Gwamnati tana iya kwance igiya da doka, amma raini a zuciya yake, sai mai zuciyar ne zai cire shi.

Babu mai musun cewa uba yana da ikon zaɓa wa 'yarsa miji. Sai dai za a tambaye shi dalilinsa ranar gobe. Yaron da aka kora ba tare da laifi ba yakan bar gari, ya tafi Kano ko Ikko inda ba wanda ya san kakansa, gari ya yi asarar mutumin kirki, gaba kuma ta zauna tsakanin gidaje biyu masu bin liman ɗaya. Saboda haka muna kira ga limamai da masu unguwanni da waliyyai, idan za a tura bincike, a tambayi addinin yaro da halinsa da lafiyarsa da abin da zai riƙe iyali da shi. Idan ɗan aike ya fara jawo zancen rinji, dattijon da ke wurin ya tsayar da shi.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.