Gargaɗi ga 'Yan'uwa Muridai a kan Sayen Zobba da Duwatsun Ado

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya ɓoye ma'adinai a cikin ƙasa, ya ɓoye lu'ulu'u da murjani a cikin teku, ya sanya wa kowane abu gwargwadonsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, amintaccen ɗan kasuwa tun gabanin aike, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka. Wannan 'yar takarda ce na rubuta domin 'yan'uwa na zawiyoyin Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Dalilinta shi ne yawaitar tallan zobba da sarƙoƙi masu duwatsu a akwatin talabijin da wayoyin hannu, har ya kai mutum yana sayar da buhun riɗinsa ko akuyar gidansa domin ya sayi dutsen da bai taɓa riƙewa ba. Kuma 'yan'uwa sun tambaye ni: idan mai saye ya yarda, ya biya da hannunsa, ya yi murna da abin da ya samu, shin akwai sauran zalunci a cikin wannan ciniki? Ga jawabi gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe, shi ne abin neman taimako.

Fasali na farko, a kan yadda tallan yake

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, wannan sana'a ta sayar da kaya ta talabijin a Amurka ta yi ƙarfi, inda aka buɗe tashar QVC a 1986, ba ta da aiki dare da rana sai talla. Daga can ta bazu cikin ƙasashe, kuma yau ga irinta a cikin wayar da ke aljihunka. Hanyarsu guda ce ko'ina. Su haska dutse da fitilu masu ƙarfi, su jujjuya shi, su kusanto da shi har ƙaramin abu ya cika fuskar akwati. Sa'an nan su ambaci wani kuɗi mai nauyi su ce shi ne kimarsa ta asali, alhali babu wanda ya taɓa saye a kansa, sai su yi ta ragewa a gabanka. Sa'an nan su ce saura kaɗan, lokaci ya kusa ƙarewa, wane ya saya, wance ta saya. Manufar wannan duka ita ce kada ka samu sararin yin shawara da kowa, har da zuciyarka.

Dubi kasuwarmu ta ranar Alhamis a Maigatari, wadda ake kawo mata shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar. Wanda ya san kan kasuwa ba ya sayen sa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya shafa jikinsa, ya sa an tafi da shi ya ga takunsa. Mai sayen riɗi yakan zura hannu har tsakiyar buhu. To, yaya wanda ba ya yarda a rufe shi a kan rago zai yarda a rufe shi a kan dutse? Abin da mutanenmu ke kira cinikin biri a sama ke nan.

Fasali na biyu, a kan haƙiƙar duwatsun

Ka sani duwatsu masu daraja gaskiya ne, halittar Allah ce, kuma akwai su a ƙasarmu: ana haƙo shuɗin yaƙutu a tsaunin Mambila. Magabata sun yi littattafai a kan saninsu. Biruni ya wallafa Kitabul Jamahir, ya auna nauyin duwatsu domin a rarrabe na gaske da na jabu, kusan shekara dubu ke nan. Wannan ya nuna maka algus a cikin wannan sana'a tsoho ne.

Amma a zamaninmu al'amarin ya tsananta ta fuska uku. Ta farko: a 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar narka gari da wuta ya zama jan yaƙutu, jinsinsa jinsin na ƙasa, launinsa launin na ƙasa, ana yin sa da yawa a ma'aikata, kuɗinsa kaɗan. Ta biyu: rini. Tun ƙarni na 19 mutanen Idar-Oberstein a Jamus suke kawo aƙiƙi daga Barazil, su jiƙa shi, su dafa shi, ya ɗauki launin da suke so, su aiko da shi kasuwannin Afirka. Haka kuma ana rina wani farin dutse mai araha da shuɗi a kira shi fairuz. Ta uku: gilashi da roba. Masu aikin gilashi na Bida, waɗanda ake kira Masaga, suna narka kwalabe su yi awarwaro da tsakiya, kuma babu laifi a kansu, domin gilashi suke sayarwa da sunan gilashi. Laifi yana kan wanda ya sayar da gilashi da sunan yaƙutu.

Saboda haka na ce: kuɗin zobe kashi uku ne. Akwai kuɗin ƙarfe da dutse, akwai ladan maƙeri, akwai kuɗin labarin da aka ba ka. Na farko da na biyu ana iya auna su. Na uku ba shi da mudu. In kana son ka san yawan abin da ka biya domin labari, kai zoben wurin maƙerin fari ko 'yan gwal ka ce za ka sayar. Sai ya ɗora ƙarfen a ma'auni ya biya ka kuɗinsa, dutsen kuwa sau da yawa sai ya cire ya miƙo maka. Abin da ya ɓace tsakanin saye da sayarwa, yawancinsa kuɗin labari ne.

Fasali na uku, a kan yarda, shi ne zuciyar mas'ala

In ka ce: ai ciniki yarda ne, riba halal ce, shari'a ba ta yanka mata iyaka ba, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai in ce: gaskiya ne, amma dubi ƙarshen maganarka. Mai sayen rariya ya san rariya ce. Yarda 'yar sani ce, ba ta samuwa sai bayansa. Wanda ya yarda da yaƙutu aka ba shi gilashi, bai yarda da gilashi ba, ya yarda da wani abu ne da ba a ba shi ba. Kuma idan mai sayarwa shi ne ya gina jahilcin mai saye da hannunsa, da fitila da gaggawa da kuɗin ƙarya, ba shi da damar kafa hujja da yardar da ta fito daga cikin wannan jahilci.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, sai ya yi wa mai shi inkari, ya barranta daga mai algus. Mai abincin bai furta ƙarya ba, jerawa kawai ya yi. To, ina ga wanda ya haɗa jerawa da furuci? Kuma an hana najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba, sai domin wani ya ruɗu. Kuɗin asali na ƙarya da ake rubutawa sa'an nan a soke shi, ɗan'uwan najashi ne.

A mazhabarmu ta Imamu Malik an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, da sharaɗin in ya zo ba bisa siffar ba, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Kuma malamai sun yi magana a kan wanda ya sallama kansa ga mai sayarwa, ya ce ban san kima ba, sayar mini yadda kake sayar wa mutane: cutar wannan haramun ce, yana da ikon warware ciniki. Ibnu Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 829 bayan hijira, ya ambata a cikin Tuhfa cewa wanda aka cuta da sulusin kima ko fiye, yana jahilin abin, yana da damar tsayawa neman haƙƙinsa muddin shekara ba ta wuce ba.

Wannan hukuncin alƙali ne. Amma mutanen ɗariƙa ana neman su da abin da ya fi shi. Imamu Gazali ya kawo a cikin Ihya labarin Yunusa ɗan Ubaidu, mai sayar da tufafi. Ya tafi salla ya bar ɗan ɗan'uwansa a shago, yaron ya sayar wa wani baƙauye tufa ta dirhami 200 a kan 400. Yunusa ya gamu da mutumin a hanya, ya gane tufar, ya gaya masa gaskiyar kimarta. Mutumin ya ce shi ya yarda, a garinsu ma ta fi haka. Yunusa bai saurara ba sai da ya komo da shi shago ya mayar masa da 200, ya yi wa yaron faɗa. Dubi wannan da kyau. Mai saye ya yarda, ya yi murna, amma Yunusa bai ga murnarsa ta wanke kuɗin ba, domin ba zai so a yi masa haka ba. Ma'aunin ke nan, ya kai mai sayarwa: in da mai saye ya san abin da ka sani, zai biya? In zai biya, ci ribarka, Allah ya yi albarka. In ba zai biya ba, abin da ka karɓa bashi ne a wuyanka har ranar da babu dirhami babu dinari.

Fasali na huɗu, a kan masu sayen albarka

Wannan shi ne mafi ciwo a gare ni, domin da 'yan'uwanmu ake farauta. Sukan ce wannan aƙiƙin Yaman ne, yana jawo arziki, yana kore talauci, yana sa kwarjini, an yi masa addu'a a wuri kaza. Mai sayen ado an cuce shi a aljihu kaɗai. Mai sayen wannan an cuce shi sau biyu, a aljihu da a zuciya, domin ya ɗauke wani yanki na dogaronsa ga Allah ya rataya ga dutse.

Ka sani abin da ya tabbata shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙi zoben azurfa lokacin da zai aika wa sarakuna takardu, domin ya riƙa hatimce su. Zoben ya koma hannun Sayyidina Abubakar, sa'an nan Umar, sa'an nan Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Albarkar wannan zobe daga hannun da ya sa shi take. Amma hadisan da ake karantawa a kan falalar aƙiƙi, malaman hadisi ba su inganta su ba, Ibnul Jauzi ma ya sanya su cikin littafinsa na hadisan ƙarya. Kuma malamanmu sun ce namiji ya sa zoben azurfa guda ɗaya, kada nauyinsa ya wuce dirhami 2. Zinariya haramun ce gare shi, halal ce ga mata. In da dutse yana kore talauci, da mai shi bai tsaya yana roƙonka ka saya kafin lokaci ya ƙare ba.

Ya kai muridin Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, ka manta sunayen abin da aka ba ka? Salatin da kake karantawa a wazifa sunansa Jauharatul Kamali. Salatul Fatihi ana yi mata laƙabi da Yaƙutatul Farida. Littafin ɗariƙa sunansa Jawahirul Ma'ani. Shehunnai sun ɗauko sunayen duwatsu masu tsada sun sanya wa zikiri, domin su nuna maka inda taska take. Kuɗin Jauhara alwala ce da ruwa, da wuri mai tsarki, da halartar zuciya. Muƙaddami bai karɓi ko kwabo gare ka ba ranar da ya yi maka talƙini. Abin kunya ne mai wannan taska ya ci bashi domin gilashi.

Fasali na biyar, a kan abin da ya kamata

Ban hana ka ado ba, ban hana ka saya wa iyalinka ba, domin kyautata musu ibada ce. Amma kiyaye abu biyar. Na farko: kada ka saya sai abincin gida da haƙƙin mutane sun fita, kuma kada ka saya da bashi. Na biyu: bar shi ya kwana. Cinikin da ba ya jure kwana ɗaya, akwai abin da yake gudu. Na uku: tambayi masani wanda ba shi da la'ada a ciki. Na huɗu: riƙe shi a hasken rana ka duba. Gilashi yakan nuna ƙananan kumfa a cikinsa, roba takan narke in an taɓa ta da allura mai zafi, aƙiƙin gaske kuwa bakin wuƙa ba ya kartarsa, azurfa kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Na biyar: yi sharaɗin mayarwa a gaban shaidu ko a rubuce kafin ka biya. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka abin da ke hannunsa.

Kai kuma ɗan'uwa mai wannan sana'a, kira gilashi gilashi, kira rinanne rinanne, kada ka rantse, kada ka jingina wa Annabi ko Shehu abin da ba su faɗa ba. In ka riga ka cuci wani kuma ka san shi, mayar masa. In ba ka san shi ba, yi sadaka da shi a madadinsa, domin istigfarin lazimi ba ya sauke haƙƙin bayi.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata, ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa. Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da wanda ya karanta da wanda ya saurara. Allah shi ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.