Gajiyar Da Ake Saya Da Kuɗi

A yammacin Faransa akwai hanyar keke mai suna Vélodyssée. Ta tashi daga Roscoff, ta bi gaɓar Tekun Atlantika ta La Rochelle har Hendaye a bakin iyakar Sifaniya, tsawonta ya haura kilomita 1,200. Duk lokacin zafi mutane kan ɗauki hutu, su ɗaure jakunkuna a keke, su yi kwanaki suna taka feda, iskar teku tana dukan fuskarsu. Da yawansu sun bar mota a gida. Me zai sa mai hali ya sayi gajiya da kuɗinsa?

A ganina, sirrin yana cikin zaɓi. Ɗan yawon nan, duk ranar da ya ga dama, sai ya hau jirgin ƙasa ya koma gida. Mai tallan burodi da ke kan keke tun asuba ba shi da wannan dama. Ciwon cinyar iri ɗaya ne, amma wannan nishaɗi yake yi, wancan abincin iyali yake nema.

Ba laifi mutum ya more hutunsa. Kuskuren shi ne ya sauka a Hendaye yana zaton ya san wahala. Wanda makullin ƙofa ke aljihunsa, ai bai san zaman kurkuku ba.