Hukuncin Lauyan Da Ya Karɓi Wakilci Sa'an Nan Ya Yi Shiru

 

Ba a cika raba damina da rigimar maƙwabta ba. Katanga ta jiƙa ta faɗa wa shagon wani, ko indararo ya riƙa zuba a gindin ginin maƙwabci har ya zaizaye shi, ko kuwa mai sabon gini ya haƙa fandisho ya raunana ɗakin da ke jikinsa. Daga nan sai husuma ta tashi a kan wanda zai biya ranko. In dattawan unguwa suka kasa, sai a dangana ga kotu, kowa ya nemi lauya. To, a nan ne sau da yawa wata masifa ta biyu kan sauko, wadda takan fi ta farko ciwo. Mutum ya biya kuɗin aiki, ya miƙa takardun gidansa, sa'an nan lauya ya yi ɗif. A je ofis, akawu ya ce ya tafi kotu. A buga waya, ba a ɗauka. A bar saƙo, ba amsa. Watanni su shuɗe mai ƙara bai san ko an shigar da ƙararsa ba, wanda ake ƙara kuma bai san ko an mai da masa martani ba.

Kafin a zo ga lauyan, ya kamata a san nauyin abin da aka damƙa masa. Musulunci bai ɗauki ɓarnar da dukiyar wani ta yi wa dukiyar wani da wasa ba. A cikin Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, Allah Ya ba da labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi a kan tumakin da suka shiga gonar mutane da dare. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin taguwar Barra'u ɗan Azibu da ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron garka da rana yana wuyan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa lamuninsa yana kan masu dabbobin.

Game da gini, malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu da sharhohinsa, sun yi bayani filla-filla. Idan katanga ta karkata, aka gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya sami lokacin da zai isa ya rushe ta ko ya gyara amma ya ƙi, to duk abin da ta faɗa wa ta halaka lamuninsa yana kansa. Idan tun farko a karkace ya gina ta, ba a bukatar gargaɗi. Wanda ake gargaɗi kuwa shi ne mai gidan, ba ɗan haya ba, domin ɗan haya ba shi da ikon rushewa. Duk mai lura zai ga cewa wannan hukunci ya rataya ne a kan abubuwa masu saurin gushewa: wa aka gargaɗa, a wace rana, su wa suka ji, yaya ginin yake kafin ya faɗi. Shaidu sukan mutu, ko su ƙaura, ko su manta. Ɓaraguzai kuma ba sa jiran kowa, ana kwashe su a sake gini. Saboda haka jinkirin wata shida a irin wannan shari'a ba jinkiri ba ne kawai, rushe hujja ne.

Shi aikin lauya, a ma'aunin fiƙihu, wakilci ne cikin husuma, kuma halal ne. Malamai sun kafa hujjar wakilci da labarin As'habul Kahfi, waɗanda suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo musu abinci, da kuma labarin Urwatu Albariƙi wanda Annabi ya ba dinari ɗaya ya sayo masa akuya. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Aliyu yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a wurin shari'a, daga baya ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afaru. Ashe ke nan ba aibi ba ne mutum ya nemi wanda ya fi shi sanin hanyar kotu. Sharaɗin da aka gindaya shi ne kada wakili ya tsaya wa wanda ya san maha'inci ne, kamar yadda aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Wakili amintacce ne. Ma'anar wannan ita ce ba a ɗora masa asarar da ta auku ba da laifinsa ba. Lauyan da ya yi iyakar ƙoƙarinsa aka kayar da shi, babu komai a kansa, ladansa kuma halal ne. Amma wannan rangwame yana faɗuwa da ɗayan abu biyu, watau ƙetare iyaka ko sakaci. In kuwa wakilcin na lada ne, ya zama ijara, wajibi ne a cika ta kamar yadda farkon Suratul Ma'ida ya yi umurni da cika alkawura. Wanda ya karɓi lada bai yi aikin ba, kuma bai mayar ba, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna, ko da yana sanye da baƙar riga da farar hula, ko da kuma a sahun farko yake salla.

Wadansu lauyoyi sukan ɗauka cewa rashin amsa waya ko wasiƙa ƙaramin abu ne, tun da dai fayil yana nan a kabad ba a sayar da shi ba. Wannan ruɗin kai ne. Labarin shari'a hakkin mai shari'a ne, yana cikin amanar da aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta ce a mayar ga masu ita. Lauyan da yakan ce a dawo ranar Litinin alhali ya san ba zai zauna ba, ya umurci akawunsa ya ce ba ya nan alhali yana ciki, ya kuma danne takardun mutane, ya dubi kansa da kyau. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa alamun munafuki guda uku, ƙarya a zance da saɓa alkawari da cin amana, shi kuwa ya tara su a kan tebur guda. Yawan aiki ba uzuri ba ne. Wanda ya san hannunsa ya cika, ya faɗi gaskiya tun ranar farko, ko ya mayar da fayil da sauran kuɗi a nemi wani.

Sai kuma shi mai shari'ar. Da yawa sukan naɗe hannu su ce suna haƙuri, Allah Ya isa. Lalle haƙuri ibada ne, amma zama a bar hakki ya lalace alhali akwai hanyar ceto shi, wannan sakaci ne aka sa masa rigar haƙuri. Shari'ar Musulunci da kanta takan ɗauki dogon shiru a matsayin magana. A babin hauzi, wanda yake nan a gari, yana kallon bare yana sarrafa gidansa shekara 10, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Dokokin jihohin Nijeriya su ma sun yanka wa'adin shigar da ƙarar ɓarna, a jihohi da dama shekara 5 ne ko 6. A babbar kotu kuwa, mai ƙarar da ba ya halarta ana iya korar ƙararsa, wanda ake ƙara kuma in bai shigar da kariya ba ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Alƙali ba ya zuwa ofishin lauya ya tambayi dalili.

Farkon abin da ya kamata shi ne kyautata zato da bincike, gama lauya ɗan Adam ne, yana iya yin jinya ko a yi masa rasuwa. Amma binciken ba a bakin akawu yake ƙarewa ba. Mai shari'a yana da ikon zuwa wurin magatakardan kotu da lambar shari'arsa, ya tambayi abin da aka shigar da ranar da aka ɗage zama. Ranar zaman kuma ya halarta da kansa, in lauyansa bai zo ba ya miƙe cikin ladabi ya shaida wa alƙali halin da ake ciki, ya roƙi lokaci. Daga nan sai ya rubuta wa lauyan wasiƙa, ba ta zagi ba, ya ambaci ranar da ya ba da aikin, da kuɗin da ya biya, da takardun da ya miƙa, ya yanka masa wa'adi bayyananne, kamar mako biyu, ya kuma ajiye kwafin da aka sa wa hannu. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Yanka wa'adi ma yana da asali, domin a cikin wasiƙar da Sayyidina Umaru ya aika wa Abu Musa Al'ash'ari kan aikin alƙalanci, ya umurce shi ya sanya wa mai da'awar hujjar da ba ta kusa lokacin da zai kawo ta. Kuskuren da mutane suka fi yi tun farko shi ne miƙa kuɗi ba rasit, da miƙa ainihin takardar mallakar gida ba tare da ajiye kwafi ba, wai don kunya, ko don lauyan ɗan unguwa ne.

In wa'adi ya cika shiru, sai a tsige shi. A nan akwai wata mas'ala da ya kamata a fayyace. Malaman Malikiyya sun ce idan wakili ya zauna da abokin husuma kamar zama uku a gaban alƙali, ba a tsige shi, shi ma ba ya tsige kansa, sai da uzuri. Hikimar wannan ita ce kada a riƙa canza wakilai don a wahalar da ɗaya ɓangaren. Amma sun togace inda sakacin wakili ya bayyana, ko aka ga ya karkata ga abokin husuma. Saboda haka wannan hukunci ba mafaka ba ne ga lauyan da ya ɓace, hujja ce a kansa, tun da ta hana shi sakin shari'a a tsakiyar kogi. A ƙa'idar kotunan zamani, sabon lauya zai shigar da takardar sanar da canji. Tsohon yana iya riƙe fayil in yana bin kuɗin aikin da ya riga ya yi, don haka wanda ake bi ya biya abin da ke kansa, kada ya nemi adalci da hannu ɗaya yana danne hakki da ɗayan.

Kai ƙarar lauya kuma ba giba ba ce, ba kuwa tonon asiri ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Ƙa'idojin aikin lauyoyi na Nijeriya, na 2007 da kuma na 2023 da suka maye gurbinsu, sun wajabta wa lauya ya riƙa sanar da wanda ya ɗauke shi yadda shari'arsa ke tafiya. Ana iya fara kai kuka ga reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya na garin, in abin ya faskara a kai ga kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke Abuja. Dokar lauyoyi ta 1975, da gyare-gyaren da aka yi mata, ta ba wannan kwamiti ikon jan kunne, ko dakatarwa, ko soke sunan lauya daga rajista, yana kuma iya umurtarsa ya mayar da kuɗi ko takardu. Gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa, hanyar kuma tana da tsawo, amma kowane mutum da ya haɗiye ya yi shiru ya share wa lauyan hanya zuwa ga wani bawan Allah. Wanda ba shi da halin ɗaukar sabon lauya yana iya gwada Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

Akwai wani mutum na uku da ake mantawa da shi a cikin wannan jeka-ka-dawo, shi ne maƙwabcin. Idan mai katanga ya san a ransa cewa an gargaɗe shi, ya san katangarsa ce ta danne shagon mutum, to shirun lauyansa bai sauke masa komai ba. Wadansu ma har daɗi suke ji, suna cewa bari shari'a ta yi ta ja har mai ƙara ya gaji. Annabi ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci. A hadisin Ummu Salama kuma ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja har a yanke masa, amma abin da ya karɓa na ɗan'uwansa yanki ne na wuta. In hukuncin Annabi da kansa bai halatta wa mai ƙarya hakkin wani ba, ina ga wa'adin da ya ƙare ko ƙarar da aka kora don lauya bai zo ba?

Shari'ar da ke gaban kotu ba ta rufe ƙofar sulhu. Ɓangarorin biyu suna iya zama a gaban mai unguwa ko limami, ko a cibiyar sasanci irin wadda babbar kotun Kano ta buɗe a 2009, a kira magini mai gaskiya ya ƙiyasta ɓarnar, a amince da abin da za a biya da lokacin biya. Sai a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a kai wa alƙali ya mai da yarjejeniyar hukuncin kotu, domin kada magada su tayar da maganar bayan masu ita sun kau.